Yadda Za A Tara Kuɗin Taimakon Jama'a Da Kayan Ƙungiya Da Mahaifi Ya Bari

Mutumin da ya shafe shekara ashirin ko talatin a ƙungiyar hidima irin Rotary ko Lions yakan rasu ya bar tarin ƙananan kaya waɗanda iyalinsa ke rasa yadda za su yi da su. Akwai bajoji na maƙalawa a ƙirjin riga, da lambobin yabo, da ƙananan tutoci na rassan da ya ziyarta, da alluna masu ɗauke da sunansa, da hotunan taro, wani lokaci har da rigar ƙungiya da hula. Ba su da tsadar da za a yi rigima a kansu wajen rabon gado, kuma zuciya ba ta yarda a zubar da su, saboda haka sai a kulle su a akwati har danshi da tsatsa su gama da su. Akwai hanyar da ta fi wannan, wato a yi amfani da kayan a tara kuɗi domin irin aikin da marigayin ya ba da ƙarfinsa a kai yana raye. Sai dai aikin yana da tsari, kuma wanda ya fara shi daga kiran taro ya fara daga ƙarshe.

Waɗannan ƙungiyoyi daga Amurka suka samo asali. Lauya Paul Harris ne ya kafa Rotary a birnin Shikago a 1905, Melvin Jones kuma ya kafa Lions a wannan birni a 1917. Amma ba baƙi ba ne a wurinmu, domin reshen Rotary na farko a Nijeriya a Kano aka buɗe shi a 1961, kuma ɗan Afirka na farko da ya shugabanci Rotary ta duniya, marigayi Jonathan Majiyagbe, lauya ne da ya yi zama a Kano, wanda ya riƙe muƙamin daga 2003 zuwa 2004. Don haka gidaje da dama a Kano da Kaduna da Jos da Zariya suna da irin wannan akwati.

Kayan gado ne kafin su zama kayan sadaka

Mataki na farko bai shafi ƙungiya ba, ya shafi magada. Duk abin da mamaci ya mallaka, komai ƙanƙantarsa, ya shiga cikin dukiyar gado tun daga lokacin da ya cika, kuma ba babban ɗa ko wanda akwatin ke ɗakinsa ke da ikon yanke hukunci a kai shi kaɗai ba. A shari'ar Musulunci ana fara cire kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya a cikin sulusin dukiya, sannan a raba abin da ya rage. Idan marigayin ya yi wasiyya cewa a sayar da kayan ƙungiyarsa a ba wani aikin alheri, magana ta zo da sauƙi, muddin darajarsu ba ta haura sulusi ba. Idan bai yi ba, to sai an nemi yardar kowane magaji, har da matansa da 'ya'yansa mata da ke gidajen aure, da mahaifiyarsa idan tana raye. Shirun ƙanwa a gaban yayanta ba yarda ba ce, don haka ya kamata a tambayi kowa a keɓe, a ba shi damar ya ce yana son wani abu ya riƙe don tunawa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne idan akwai ƙananan yara cikin magada. Ba a yin sadaka da rabon maraya, ko da mai kula da shi ya ce ya amince a madadinsa. Mafita ita ce a ƙiyasta kuɗin kayan tsakani da Allah, wani baligi daga cikin magada ya karɓe su a matsayin wani ɓangare na rabonsa, ko ya saye su ya zuba kuɗin a cikin dukiyar gado, daga nan sun zama nasa, yana da ikon bayar da su. Iyalan da ba Musulmi ba za su bi wasiyyar marigayin ko dokar gadon da ta shafe su, amma ƙa'idar ɗaya ce: a samu yardar masu haƙƙi, a rubuta ta a takarda, kowa ya sa hannu a gaban shaidu biyu.

Kada a yi gaggawa. Matar marigayin tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma, kuma ba daidai ba ne a shiga ɗakin mijinta ana kwashe kayansa don shirin taro alhali hawayenta bai bushe ba. Cikar shekara guda da rasuwa lokaci ne da ya fi dacewa da yawancin iyalai.

Ga wanda ke tambayar ko ladan zai kai ga marigayin, ya zo a Sahihu Muslim cewa wani mutum ya gaya wa Manzon Allah (SAW) cewa mahaifinsa ya rasu ya bar dukiya bai yi wasiyya ba, ya tambaya ko zai amfane shi idan ya yi sadaka a madadinsa, aka ce masa eh. Akwai kuma malaman da ke ƙyamar waɗannan ƙungiyoyi saboda zargin alaƙa da ƙungiyoyin asiri. Idan wani a cikin iyali yana kan wannan ra'ayi, ba sai an tilasta masa halartar taron ƙungiya ba, domin ana iya sayar da kayan a kai kuɗin kai tsaye asibiti ko gidan marayu. Idan kuwa kayan da aka tarar na ƙungiyar asiri ne da gaske, irin wadda sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 bai ba kowa 'yancin shiga ba, wannan jagora ba ta shafe su ba, kuma ba abin bajewa a bainar jama'a ba ne.

A baje, a rubuta, a ware na mutane

Bayan an samu yardar magada sai a shimfiɗa farin ƙyalle a baje kayan duka, a ba kowane abu lamba, a ɗauki hotonsa gaba da baya, a rubuta shi a littafi tare da duk abin da aka sani game da shi. A yi wannan aƙalla mutum biyu, domin kada gobe a ce wani abu ya ɓace a hannun wane.

A nan ne za a gano cewa ba duk abin da ke cikin akwatin ba ne mallakin marigayin. Sarƙar wuya ta shugaban reshe, wadda ke ɗauke da ƙananan faranti masu sunayen shugabannin da suka gabata, dukiyar reshe ce da ake miƙa wa sabon shugaba a farkon kowace shekarar ƙungiya, wato 1 ga Yuli. Haka ƙararrawar buɗe taro da gudumarta, da takardar kafa reshe, da littafin rahoton taro da na kuɗi. Idan mutum ya rasu yana kan muƙami, ko reshensa ya mutu aka bar kayan a hannunsa, sukan kwana a gidansa. Waɗannan amana ce, a mayar da su ga sakataren reshe ko ofishin gwamnan gunduma, wato jami'in ƙungiyar mai kula da rassan yankin. Mayar da su kuma shi ne mafi kyawun sallama ga mutanen da za a buƙaci taimakonsu nan gaba. Littattafan adireshin membobi da wasiƙun da suka shafi sirrin mutane ba a sayar da su, ba a kuma baje su.

Sauran kayan sai a karanta su, domin kowanne yana faɗin wani abu. A ɗauki bajon Rotary na yau da kullum, ɗan ƙaramin gargare mai haƙora 24 da sanduna shida, wanda bai kai girman farcen ɗan yatsa ba. Irinsa na hannun kowane memba, don haka ba shi da wata daraja a kasuwa. Amma bajon da ke ɗauke da hoton Paul Harris shaida ce cewa an ba Gidauniyar Rotary dala 1,000 da sunan mai shi. Idan akwai shuɗin dutse guda a jikinsa, gudummawar ta kai dala 2,000, kowane ƙarin dutse kuma dala 1,000 ne har zuwa biyar, daga nan sai jajayen duwatsu su karɓa. Sau da yawa a nan ne 'ya'ya ke gane yawan abin da mahaifinsu ya bayar bai taɓa faɗa musu ba. A wajen Lions, makamancin wannan shi ne lambar Melvin Jones, ita ma ta dala 1,000, da kuma ƙananan alamomin da ke nuna yawan shekarun da mutum ya yi a ƙungiya. Akwai bajojin tsohon shugaba, da na taken kowace shekara, da na babban taron duniya, kamar taron Rotary na Osaka a 2004 ko na cikarta shekara 100 a Shikago a 2005. Wanda zai fi iya fassara waɗannan shi ne tsohon abokin marigayin a reshe. A gayyace shi gida, a ba shi shayi, a rubuta abin da ya faɗa, domin wannan bayanin shi ne zai sayar da kayan.

Kada a goge komai da toka ko yashi ko man goge ƙarfe. Yawancin bajoji tagulla ce da aka yi wa ruwan gwal da fenti mai ƙyalli, kuma gugar ƙarfi ɗaya ta isa ta kankare su. Busasshen ƙyalle mai laushi ya wadatar. Tutoci kuma a kakkaɓe su a shanya a inuwa, kada a wanke, domin launinsu yakan zuba.

Sanin daraja

A juya bayan kowane bajo da zobe da maɓallin hannun riga a duba da tabarau mai ƙara girma. Lamba 375 tana nufin gwal mai karat 9, 585 karat 14, 750 karat 18, 925 kuma azurfa ce. Haruffan GF ko GP suna nufin an lulluɓe ƙarfen da gwal ne kawai. Abin da ya nuna alamar gwal na gaske a kai shi wurin masu sayar da gwal biyu ko uku daban-daban, a auna nauyinsa a gaban mai shi, a ji farashin giram na ranar, amma kada a sayar a wurin. Amfanin wannan awo shi ne a san mafi ƙarancin kuɗin da za a karɓa a ranar taro. Don sanin abin da masu tara irin waɗannan kaya ke biya a ƙasashen waje, a duba eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, a nemi jerin kayan da aka riga aka sayar, ba farashin da masu talla suka rubuta ba.

Ya kamata iyali su shirya wa gaskiya tun yanzu: mafi yawan kayan ba za su yi wani kuɗin kirki a kasuwa ba, domin an buga su da dubbai. Bajon da baƙo a intanet zai yi jinkirin biyan 'yan daloli a kansa, shi ne wanda mutumin da marigayin ya shigar da shi ƙungiya, ko ya biya wa kuɗin makaranta, zai biya ninkin-ba-ninkin don ya mallake shi. Saboda haka kasuwar waɗannan kaya tana cikin mutanen da suka san shi, kuma duk shirin da za a yi ya kamata ya nufi tara waɗannan mutane wuri ɗaya. Sayarwa a ƙasashen waje sai ga abu ɗaya ko biyu da aka tabbatar ba kasafai ake samunsu ba, kuma ya fi sauƙi ta hannun ɗan'uwa mazaunin Ingila ko Amurka, inda eBay ke da tsarin tura kuɗin ciniki kai tsaye ga ƙungiyar agaji mai rajista.

Aiki guda, mai suna da adadi

Mutane ba sa buɗe aljihu don "taimakon marasa galihu". Suna buɗewa idan aka ce za a yi wa mutum 20 aikin yanar ido, ko za a gyara rijiyar burtsatse a makarantar firamaren da marigayin ya yi. A zaɓi aiki guda, a je wurin a samo farashinsa a rubuce, sannan a sanar da adadin da ake nema.

Ya fi ma'ana aikin ya dace da abin da marigayin ya yi wa hidima. 'Yan Lions sun ɗauki lafiyar ido a matsayin babban aikinsu tun 1925, lokacin da Helen Keller, wadda makauniya ce kuma kurma, ta roƙe su a babban taronsu da su zama jaruman makafi. Ga ɗan Lions, biyan kuɗin aikin ido a wuri irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko Asibitin Ido na ECWA da ke Kano ya yi daidai. Rotary kuwa ta ƙaddamar da shirinta na yaƙi da shan inna a 1985, kuma Arewa ta san wannan yaƙi fiye da ko'ina, domin a Borno aka samu masu ɗauke da asalin ƙwayar cutar shan inna na ƙarshe a 2016, kafin a ayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agusta, 2020. Gudummawar da aka ba asusun shan inna na Rotary tana da wata fa'ida, domin Gidauniyar Gates tana ƙara dala biyu a kan kowace dala ɗaya, ta yadda dala 100 ke zama 300. A ganina, duk da haka, idan kuɗin da ake sa ran samu ba su da yawa, aikin da iyali za su iya zuwa su gani da idonsu ya fi kwantar da hankalin masu bayarwa. Ana iya ɗora taron a kan ranar shan inna ta duniya, 24 ga Oktoba, ko ranar gani ta duniya, Alhamis ta biyu a watan Oktoba.

Ba na ba da shawarar kafa gidauniya da sunan marigayin don wannan kaɗai. Rajista da Hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, da naɗa amintattu, da rajistar SCUML, sashen gwamnati mai yaƙi da halatta kuɗin haram, da rahoton kowace shekara, za su cinye kuɗi da lokacin da suka fi abin da akwati ɗaya zai kawo.

Tsarin taron

A rubuta wa reshen marigayin wasiƙa a nemi su shiga cikin shirin, ko ma a yi taron a ƙarƙashin inuwarsu. Wannan ya zama dole idan za a sa suna ko tambarin ƙungiyar a katin gayyata, domin tamburan Rotary da Lions masu rajista ne, ba a neman kuɗi da su ba da izini ba. Sayar da tsohon bajon da mahaifi ya mallaka ba laifi ba ne, amma buga sababbi ko ɗinka riguna masu tambarin don sayarwa wani abu ne daban. Wasu rassan kuma za su fi son bajon zama memba da na muƙami su tsaya a hannun 'yan ƙungiya, don kada wani ya maƙala ya yi sojan gona, kuma wannan buƙata ce da ta cancanci a mutunta.

Kada a fitar da kaya ɗaya-ɗaya har guda ɗari, jama'a za su gaji. A haɗa su rukuni goma zuwa goma sha biyar, kowane rukuni da labarinsa. Misali, bajon shugabancinsa da hoton ranar rantsarwa da takardar shirin taron a cikin firam ɗaya mai gilashi, ko tutocin rassan da ya ziyarta a ɗinke a kan ƙyalle guda. A ƙarƙashin kowanne a manna ɗan kati mai layi uku ko huɗu: mene ne, wace shekara, me ya faru.

Hanyar da ta fi kawo kuɗi ita ce gwanjo a fili, da mai gabatarwa wanda ya san marigayin kuma ya san mutanen da ke zaune da sunayensu. Cinikin wa-ya-ƙara halal ne a wurin jumhurun malamai, amma haramun ne a dasa wani a cikin jama'a yana ƙara farashi ba da niyyar saye ba, ko da kuɗin na sadaka ne. Ga manyan da ba sa son a ji su suna ɗaga murya, a ajiye takarda a gefen wasu kayan, kowa ya rubuta tayinsa, a rufe a lokacin da aka sanar. Wanda ya saya yana iya mayar da abin a sake yin gwanjonsa, ko ya ba iyali kyauta, kuma yana da kyau mai gabatarwa ya faɗi haka tun farko. Sayar da tikiti a jefa ƙuri'a wani ya ci kaya kuwa caca ce, a guje ta.

Idan akwai abin da iyali ba za su iya rabuwa da shi ba, kamar zoben da bai taɓa cirewa ba, a baje shi a cikin gilashi kawai, a ajiye lambar asusu a gefensa. Sau da yawa irin wannan teburi yakan tara abin da ya kai na gwanjo.

A rage kashe kuɗi a kan taron kansa. Zauren da reshe ke zama ko harabar gida ya isa, kuma abinci da kujeru wani daga cikin iyali ya ɗauki nauyinsu daga aljihunsa, domin a iya cewa kowace naira da aka tara ta tafi aikin.

Kuɗi da lissafi

Kada kuɗin su shiga asusun wani ɗa ko 'ya, komai amanarsa. Su tafi asusun reshe bisa yarjejeniya a rubuce, ko asusun asibitin ko makarantar da za ta amfana, ko wani asusu na musamman da mutum uku ke sa wa hannu, ɗaya daga iyali, ɗaya daga ƙungiya, ɗaya kuma dattijon da kowa ya yarda da shi. Duk wanda ya halarci taron ƙaddamarwa a ƙasar nan ya san yadda ake shelar miliyoyi a lasifika, a wayi gari ba a ga ko rabinsu ba. Don haka ƙa'ida ita ce ba a miƙa kaya sai an ga shigar kuɗi a asusu, ba hoton rasit a waya ba, kuma adadin da za a sanar a ƙarshen taro shi ne wanda ya shigo hannu, alƙawura kuma a lissafa su daban. A tanadi na'urar POS, a ba kowa rasit mai lamba, mutum biyu su ƙirga tsabar kuɗi su sa hannu kafin a tashi. Wanda ya yi tayi bai biya ba cikin mako biyu, a ba wanda ke biye masa.

Cikin wata guda a aika wa duk wanda ya bayar da takarda mai shafi ɗaya: abin da aka tara, abin da aka kashe, inda aka kai, da kwafin rasit na wurin da ya karɓa. Idan an kammala aikin a sake aika rahoto. Kada a ɗauki hoton marasa lafiya ko marayu a watsa a Facebook da WhatsApp ba da izininsu ko na masu kula da su ba. Adadin waɗanda aka yi wa aiki da wasiƙar asibiti sun isa shaida.

Kayan da ba su samu mai saye ba su koma ga wanda ya mallake su bisa takardar da magada suka sa wa hannu, shi zai yanke ko a ba reshe ya ajiye a ma'ajiyar tarihinsa, ko a raba wa jikoki. Tsofaffin tabarau na marigayin, idan ɗan Lions ne, a miƙa su ga reshe, domin ƙungiyar tana tattara su a gyara a ba masu buƙata. Littafin da aka rubuta bayanin kayan da hotunansu kuma a buga kwafi a ba kowane ɗaki na gidan, tare da kwafin rahoton kuɗi.